Ranar da Motar Yaya Ta Kulle 'Yar Farina

Har gobe in na ji mota ta yi 'yar ƙarar nan ta kullewa, kwik-kwik, sai na waiga. Ko a gidan biki nake, ko ina tsaka da ciniki a kasuwa, sai na je na leƙa ta gilashi na ga ko an bar yaro a ciki. Jikokina sun mayar da abin wasa. Su saci makullin ubansu su laɓe su danna, don kawai su ga tsohuwa ta zabura. Ina zaginsu suna dariya, ja'irai, ba su san mafarin abin ba.

Ni 'yar Bebeji ce, cikin gari, gidan manoma. A gidanmu ma ana kunyar ɗan fari, amma daidai gwargwado: uwa ba ta kiran sunansa, shi ke nan, in ya faɗi kuwa za ta ɗaga abinta. Sai Allah ya kai aurena gidan Fulani, irin waɗanda suka zauna wuri ɗaya suka haɗa noma da kiwo, a wata ruga gaba da Dangora. Maigidana da yayansa, wanda muke kira Yaya, sun baro rugar sun zauna a garin Ƙofa suna fataucin masara, amma fulako bai baro su ba. Tun ina amarya faccalata, matar Yaya, wadda nake kira Adda, ta zaunar da ni ta karanta mini doka. Ta ce in Allah ya ba ni haihuwa, ɗan fari ba nawa ba ne, na kakanni ne. A gaban surukai ba na ɗaukarsa, ba na kallonsa, ba na ba shi nono sai na shige ɗaki na saki labule. In ya yi kuka, in yi kamar ɗan maƙwabta ne ke yi.

Na ce, "Adda, in wuta ya nufa fa?"

Ta ce, "Akwai masu ɗauke shi. Ke dai riƙe mutuncinki."

Na haifi mace, aka sa mata sunan Inna, uwar mijina. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ta 'yar fari ga ta sunan suruka. Ko a mafarki ban isa na furta sunan nan ba. "Yarinyar nan" nake ce mata, ko "waccan". A ɗakina kuwa, in ba kowa, na san irin wasan da nake mata da irin kirarin da take sha, wannan tsakanina da ita ne da Allah.

A shekarun nan da ake kwana a layin mai ne Yaya ya sayo mota 'yar Kwatano, a-kori-kura fara mai ƙofa huɗu, don ɗauko masara daga Doguwa da Tudun Wada. Kai, mun ga iyayi! A jikin makullin akwai wani ɗan baƙin abu bai kai kwalin ashana ba, ana ce masa rimot. In ya danna, mota ta yi kwik-kwik, fitilu su ƙifta, ƙofofi su kulle. Ya sake dannawa su buɗe. Sai ya fito ya yi nisa, ya sa hannu a aljihun riga ya danna a ɓoye, yaran unguwa su watse da gudu suna cewa motar tana gaishe shi. Akwai kuma wani halin nata da ya fi alfahari da shi. Da an murɗa makulli an rufe ƙofofi, ba a jimawa sai ka ji ƙarap, ta kulle kanta duka huɗun, wai saboda 'yan fashi. Yaya ya kan buga sitiyari ya ce, "Motar nan ta fi wasu mutanen hankali."

Na'urar sanyinta dai a mace ta zo. Amma a ƙasan rediyo akwai wani ɗan rami mai wuta, wanda masu shan taba ke kunna tabarsu da shi. Yaya ba ya shan taba, sai ya sayo 'yar fanka a Kano, mai doguwar waya da ɗan maƙali, ana cusa kan wayar a ramin ta kama juyawa. Matsala biyu gare ta. Ba ta juyawa sai makulli na murɗe a jikin mota, kuma ramin ya saki, da an shiga gargada sai kan wayar ya zame ta tsaya. Da tsinken ashana ake tokare shi.

Ranar da abin ya faru bazara ce, irin wadda sama ke ta haɗa hadari tana fasawa, ƙasa kuma tana ƙuna. Baffa, uban mijina, ya yi jinya ya tashi, za mu je gaishe shi, Yaya kuma yana so tsoho ya ga mota ya sa mata albarka. Yaya ke tuƙi, maigidana na gefensa, ni da Adda a baya. Yarinyar ta fara zama, ba ta kai ga rarrafe ba, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya. Tun daga Ƙofa take tsala kuka. Adda ce ke riƙe da ita, tun da a gaban Yaya muke, ni kuwa na kafa ido a taga kamar ban san daga inda kukan ke fitowa ba. Sai da muka wuce Dangora muka saki kwalta, Adda ta maƙala fankar a bayan kujerar gaba ta saita mata ita, sannan barci ya ɗauke ta. Aka shimfiɗa mata zani a kujera tsakaninmu aka kwantar da ita.

Rana ta take tsaka muka isa. Inuwa ɗaya ce a ƙofar rugar, ta wata tsamiya, kuma Baffa ne a ƙarƙashinta da dattawa a kan tabarmi. Ba a kutsa wa manya da mota, don haka Yaya ya tsaya can nesa a fili, kusa da shingen shanu, inda ko inuwar kara babu.

Adda ta kai hannu za ta ɗauki yarinyar. Yaya ya ce, "A'a, ku bar ta, da ƙyar ta samu barcin nan. Gaisuwa kawai za mu yi a zo a ɗauke ta." Ya ce a ɗaga gilasai saboda ƙudan shanu. Ya kashe inji don kada mai ya tafi a banza, sannan ya sake murɗa makullin kaɗan yadda fanka za ta ci gaba da juyawa. Wallahi maganar ta zo mini har leɓe, in ce a dai ɗauko ta. To da wane bakin? Uwar 'yar fari ta yi wa yayan miji gardama a kan 'yarta? Na haɗiye. Muka fita, kowa ya tura ƙofarsa.

Muka tuɓe takalma daga nesa muka durƙusa. Wanda ya san gaisuwar mutanen nan ya san ba a yi mata gaggawa. An tambayi jiki, an tambayi gida, an tambayi shanu da zafi da hanya, an koma an sake daga farko da dattijo na biyu. Muna cikin haka, kaina a sunkuye, na ji shi daga bayana.

Ƙarap.

Na saci kallon Yaya. Shi ma ya ji, don bakinsa na amsa gaisuwa hannunsa kuma ya tafi aljihu. Ya laluba na dama, ya laluba na hagu, ya taɓa na ƙirji. Rimot ɗin yana can yana lilo a jikin makulli, makulli na jikin mota, mota ta kulle kanta kamar yadda ta saba, 'yata na ciki.

Bai katse gaisuwar ba. Ina ba ku labari ne, sai da ya kai ta ƙarshe, sannan ya miƙe ya nufi motar da sauri-sauri, maigidana na bin sa. Na ga ya ja ƙofa, ya zaga ya ja ɗaya, ya zaga ya ja ta baya. Kafin na ga abin da zai biyo baya mata suka fito suka kewaye mu da maraba, aka ja hannuna zuwa cikin gida.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin danga, aka dire mini ƙwaryar fura da nono. Allah ya taimake ni akwai wata kafa a jikin dangar inda kara ya karye, in na ɗan karkata ina hango motar. Mata na tambayata mutanen Bebeji, ina cewa lafiya lau. Suna tambayar gajiya, ina cewa babu gajiya. Kowacce a cikinsu ta san abin da ke faruwa a waje, amma ba wadda ta dube ni ta ambata, don a ganinsu kara suke yi mini. Inna ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta koma bakin turmi ta ci gaba da dakan geron da za a ƙara wa baƙi fura. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, tun da na zo gidan ban taɓa ganin haƙoranta ba.

Adda ce ke kai da komo. In ta shigo ba ni take wa bayani ba, Inna take wa, da ƙarfi yadda zan ji. "Barcinta take yi, Inna. Fankar na juyawa." Inna ta ce, "To," ta ci gaba da daka.

A waje maza sun taru. Duk mai makulli a rugar nan sai da ya kawo nasa, na kwaɗo, na akwati, na keke, ana zurawa ana murɗawa. Akwai rimot na biyu, amma yana Ƙofa a cikin kwallar Adda. Aka tashi mutum a kan babur ya je ya ɗauko, babur ɗin ma sai da aka karkata shi aka ga ɗan man da ya rage. Ni da na san hanyar nan na san ko tashi sama zai yi ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Suka ce a tura motar inuwa. Suka taru suka dafa, ina! Tana cikin giya, an ja birkin hannu, ko motsi ba ta yi ba. Sai wani ya ciro wayar keke ya lanƙwasa bakinta, Yaya ya karɓa ya zura ta saman gilashi yana neman ya ƙwaƙulo ɗan maɓallin ƙofa. Wasu suka kwaso tabarmi da buhuna suka lulluɓe gilasan don rage rana, ana watsa musu ruwa. Dabara ce mai kyau, ban ce a'a ba. Amma daga lokacin ko inuwar yarinyar ba mai gani sai an ɗaga tabarma.

Sai ta farka.

Kukan yaro a cikin rufaffiyar mota daban yake, kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa. Da ya iso kunnena sai nonona ya kawo, ruwa ya tsarto ya jiƙa mini riga har yana bin cikina. Na ja mayafi na rufe. Wata dattijuwa ta tura mini ƙwarya ta ce, "Sha mana, 'yar nan, ba ki sha komai ba." Na ɗauki ludayi na kai baki. Wallahi ban san ko fura na sha ko ƙasa ba.

Ina zaune ina lissafin mutanen da ke waje, ina jin zuciyata na tafasa. Kowa a wurin ya san maganin abin, dutse ɗaya ne. Har na ji wani tsoho daga cikin dattawan ya ce, "A fasa mana." Yaya ya ce, "A ɗan dakata, Baba, ta kusa kamawa, saura kaɗan." Wani kuma ya sa baki, wai irin gilashin nan ko a Kano babu shi sai an aika Kwatano. Ba zan ɗauki alhakin Yaya ba, ba mugu ba ne. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, kuma duk lokacin da ya ce saura kaɗan har ransa ya yarda saura kaɗan ɗin ne. Amma motar nan ita ce duk abin da ya tara, idonsa ya kasa ganin abin da ya wuce ta.

Wanda zai iya ba shi umarni Baffa ne. To Baffa ba ya yi wa Yaya magana kai tsaye, shi ne babban ɗansa, ko kallonsa ba ya yi sai ta gefen ido. Yana zaune yana jan carbi da sauri. Sai maigidana, uban yarinya. Na hango shi tsaye a bayan mutane yana kakkarya wani kara a hannunsa, guntu-guntu. Shi ma 'yar farinsa ce, ba zai buɗe baki a gaban ubansa ya ce wa yayansa fasa motarka saboda 'yata ba. Na dube shi ta kafar dangar nan na ji kamar in je in shaƙe shi. Kowa na jin kunyar kowa, yarinya na dahuwa.

Adda ta shigo da gudu, wannan karon ta manta da wa ake yi wa magana. Ni ta kalla. Ta ce, "Fankar ta tsaya. Yarinyar ta harba wayar da ƙafa, abin ya zare."

Turmi kawai ke amsawa, tim, tim, tim. Na juya na kalli Inna. Takwararta ce a cikin motar nan, jikarta, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba. A raina na ce wannan wace irin mata ce, dutse aka sa mata a ƙirji? Na tsane ta a lokacin, tsana ta gaske, ba zan ɓoye ba.

Kukan ya canza. Da tsala shi take da ƙarfi, yanzu ya koma wani ja-ja, ta yi ta tsaya, ta sake yi a dishe. Ina ƙirga tsakanin kuka da kuka da bugun zuciyata. Na yunƙura zan tashi, dattijuwar nan ta dafa gwiwata ta ce a hankali, "Zauna, maza na wurin. Kada ki ba da mu." Na koma na zauna. Tsakanin ya yi ta tsawo, ya yi ta tsawo, har na jira na gaba bai zo ba.

Wata ta ce, "Alhamdu lillahi, ta koma barci."

Barci? Ni na haife ta. Yarinyar da ƙurajen zafi suka hana barci a ɗaki mai taga a buɗe, ita ce za ta yi barci a cikin tanda?

A nan ne na lura dakan ya tsaya. Inna ta zare taɓarya daga turmi, ta share bakinta da tafin hannu, ta taho kamar za ta wuce ɗakinta. Da ta zo daidai inda nake sai ta jingina taɓaryar a kafaɗata. Ba ta kalle ni ba. Fuskarta na kallon danga ta ce, ƙasa-ƙasa, "Na gaba, wajen direba. Yarinyar tana baya." Ta wuce abinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mayafi ya zame, ban waiwaye shi ba, takalmi ma ban nema ba. Na fita ta ƙofar da maza suke, kai ba lulluɓi, riga jiƙe da nono, taɓarya a hannu. Ƙasar nan tana cin tafin ƙafa amma sai daga baya na ga ƙunar. Na ratsa ta gaban tabarmar Baffa, wurin da ko da rarrafe ban isa na bi ba. Maigidana ya ce, "Ke!" Ban ko dube shi ba. Yaya ya ɗago daga jikin ƙofa da wayar keken nan ya ɗaga mini hannu, "Dakata, dakata, ta kusa..."

Na ce, "Yaya, matsa."

Ban taɓa yi masa magana ido cikin ido ba sai ranar. Ya ga fuskata, ya matsa.

Na fizge tabarmar na yar. Bugun farko taɓarya ta dawo mini, gilashin ko tsagewa bai yi ba. Na gyara tsayuwa na ɗaga ta yadda ake ɗaga ta a kan tsakin masara, na sauke da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ya tarwatse ya zube kamar gishiri. Motar ta ɓarke da ihu, wiu-wiu-wiu, shanu suka firgita suka yi cikin shinge, yara suka watse. Wani zafi ya bugo fuskata daga ciki har sai da na ja baya. Na zura hannu na ja maɓallin, gilashi ya yanke ni a dantse ban ji ba, na buɗe ta baya na faɗa.

Tana kwance ta gangaro bakin kujera, wayar fanka a naɗe a ƙafarta. Ta yi jawur, leɓenta ya bushe, ido a rabin buɗe. Na ɗauke ta, wuyanta ya langaɓe a hannuna, jikinta zafi kamar an sauke tukunya. Na girgiza ta, shiru. Na hura mata fuska, shiru.

Sai na kira ta. Ba "yarinyar nan" ba, ba "waccan" ba. Sunanta na yanka, sunan Inna, na ƙwala shi da iyakar muryata a gaban Baffa da dattawa da duk wanda ke rugar. Na yi ta kira ina kuka ina cewa ki tashi, uwarki ce, ki tashi don Allah. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ga zuwan Inna ba, sai ganin hannunta na yi da ƙwaryar ruwan randa. Ta tuɓe wa yarinyar riga a hannuna, ta riƙa ɗiban ruwan tana shafa mata a ka, a wuya, a hammata, a tafin ƙafa, tana karanto abin da take karantowa. Ta jiƙa gefen zaninta ta matsa mata a leɓe. Yaya ya samu ya kashe ihun motar, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ruwa a ƙasa. Ina kallon ƙirjinta. Inna ta sake kwara mata a tsakar ka. Sai ta yi wata ajiyar zuciya, jikinta ya karkaɗa, ta buɗe baki ta saki wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar akuya.

Wayyo Allah, ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

A nan inda nake na zube a ƙasa, na ɗaga riga na ba ta nono. Da farko ta kasa kamawa, sannan ta kama. Maza suka juya fuska, wasu suka sulale. Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ja tabarmarsa da kansa ya koma rana, ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "A kawo su inuwa." Yaya na zaune a gindin taya ya haɗa kai da gwiwa. Maigidana kuwa ya durƙusa yana tsince gilashi ɗaya-ɗaya yana tarawa a hularsa, aikin da ba wanda ya sa shi, kafaɗunsa na rawa. Na yi kwanaki ban yi masa magana ba, amma wannan wani labarin ne.

A hanyar komawa mun tsaya wurin malamin asibiti a Dangora, ya duba ta ya ce a yi ta ba ta nono da ruwan gishiri da sukari, ya kuma wanke mini dantse. Mun haɗu da mai babur a hanya, yana turo shi, mai ya ƙare, rimot na aljihunsa. Magana kam na sha ta. An ce Bahaushiya ce, me ake jira. An ce na kira sunan suruka a gaban maza, na buɗe ƙirji a gaban Baffa. Har Bebeji zancen ya je, uwata ta aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ce a gaya mata lafiya lau, kuma gobe ma in aka sake zan sake. Yaya bai taɓa tayar mini da zancen gilashi ba. Ya daɗe yana yawo da leda ɗaure a tagar, kuma zuwansa Kano na farko ya sa mai gyaran wutar mota ya cire wa motar wannan hankalin nata na kulle kai.

Amma kafin mu bar rugar a ranar, Adda ta zo ta ce Inna na kirana a ɗaki. Na shiga da yarinyar a kafaɗa, tun da yanzu ba sauran abin ɓoyewa, na durƙusa ina jiran faɗa. Tana zaune a bakin gado da taɓaryar a cinyarta, tana cire ɓarɓashin gilashi daga bakinta da farce.

Sannan ta ce, "Kina tsammanin mai motar nan shi ne na fari a wurina?"

Na ce, "Haka na sani, Inna."

Ta ce, "Akwai wani kafin shi. Muna can dajin Doguwa da shanu a lokacin. Zazzaɓi ya kama shi, yana bukkar uwar mijina, an ce ana ba shi jiƙo. Ranar ma gero nake daka. Ina jin kukansa ina daka. Ya dishe ina daka. Har ya yi shiru ban ajiye taɓarya ba." Ta hure bakin taɓaryar ta duba. "Aka yi ta yabona. Aka ce ba a taɓa kawo mai fulako irina gidan ba. Har yau in za a yi wa amarya faɗa, da ni ake misali."

Hawaye kawai nake, ita kuwa idonta a bushe. Ta miƙo hannu ta taɓa tafin ƙafar yarinyar, ta riƙe shi.

Sai ta faɗi sunansa. A hankali ta faɗa, tana lalubensa kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ta ce tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakinta ba, ko ita kaɗai a daji. Sau ɗaya ta faɗa, ni kaɗai na ji, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta saki ƙafar yarinyar, ta jingina taɓaryar a bango, ta ce in tashi, ana jirana a mota.